Shafi Ashirin da Huɗu na Mma Adiza

Litinin, 7 ga Oktoba, 4:20 na yamma

Na samu! Wallahi na samu! Sai da na tsaya a bakin tashar Woolwich na sake karanta saƙon sau uku, mutane suna ta bangaza ta, ni ko a jikina. Littafi guda cur, labarin zane mai launi, shafi ashirin da huɗu, ni kaɗai tun daga fensir har bango. Shekara goma sha ɗaya ina zana wa council, ƙaramar hukumarmu, takardun wanke hannu, ina zana katin biki da na suna, yau ga ni da littafi. Ni Shafa'atu!

Wadda ta ba ni aikin sunanta Zarah, lauya ce a Stratford. Mahaifiyarta za ta cika shekara saba'in ranar 23 ga Nuwamba, tana so a zana tarihinta a raba wa baƙi a wajen walima, jikoki su karanta. Da ta nuna min hoton uwar sai da na yi ihu a ofis ɗin mutane. Mma Adiza ce, mai atamfa a kasuwar Woolwich, 'yar zangon Kumasi, wadda nake sayen yadi a wajenta tun ina goyon Ameer, ga shi yanzu yana jami'a a Leeds.

Zarah tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa. "Make her beautiful, Aunty," in ji ta. Na ce ai kyakkyawa ce tun asali, nawa kwafa ne kawai.

Hosea mai buga littattafai a Plumstead yana son komai a hannunsa ranar 18 ga Nuwamba. Mako shida. Zai yiwu.

Na kira maigidana Zailani yana tsakiyar aji, ya ɗauka a firgice. Da ya ji labarin ya ce, "Shafa, yara talatin ne suke kallona, kin sa na yi dariya a gaban allo." Malamin lissafi ba ya dariya a gaban allo, wai.

Laraba, 9 ga Oktoba, 2:00 na rana

Na yini a rumfar Mma Adiza da littafin zane a cinya. Hausarsu ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne. Ina zuwa ta ce, "Kai ne mai zanen? Ashe kai ne! Zauna nan, kar ka taka min Holland."

Na ce, "Mma, Zarah ta ce a fara da ranar da kika sauka Landan, kina sanye da leshi."

Ta yi tsaki. "Zarah ya ga saukana? Ba a haife shi ba. Na zo da zani biyu da silifa, cikin Janairu. Ƙafana ya mutu tun daga filin jirgi. Mijina Abdul-Majeed, Allah ya ji ƙan shi, ya cire safa shi a gaban Turawa ya sa min. Safa ɗaya ya huje a babban yatsa. Zana wannan."

Na zana a take. Babban yatsa yana leƙe ta cikin safar namiji, cikin silifa, a kan tayil. Ta karɓa ta daɗe tana kallo, sannan ta kira mai kifi na kusa da ita, wani Bature mai jan wuya, ta nuna masa. Bai gane komai ba amma ya yaba.

Labari kam kamar famfo. Ta yi shekara tara tana wanke ofisoshi a tsakiyar gari tun kafin gari ya waye. Daga baya ta fara dafa wake da shinkafa irin tasu, da shito, wato soyayyen yajinsu, tana zubawa a 'yan robobi, tana jera su a cikin keken turin jarirai, ta lulluɓe da bargo ta bi ma'aikatan gini. Zarah tana goye a baya, abinci a keken. Wata rana wata tsohuwa ta tsayar da ita ta ɗaga bargon don ta ga jariri, ta tarar da dafaffen ƙwai yana kallonta.

Na yi dariya har na yar da fensir. Shafi ashirin da huɗu ba za su isa matar nan ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, 8:10 na safe

Na gama tsara shafukan duka a 'yan ƙananan zane, na liƙe su a bangon ɗakin Ameer, wanda ya zama ɗakin aikina. Yadda zan yi: fensir a takarda, tawada da alƙalami mai siririn baki, in yi scanning, launi a tablet. Shafi na ƙarshe fuskarta ce ta yau, ita kaɗai, cike da shafin.

Rular nan tawa ta lanƙwashe. Na ja layukan gidajen shafi na ɗaya, wato akwatunan da zane zai zauna a ciki, duk sun yi ciki a tsakiya. Zan sayi ta ƙarfe.

Asabar, 12 ga Oktoba, 11:00 na safe

Ta ƙarfen ma haka.

Talata, 15 ga Oktoba, 5:45 na yamma

Shafin keken jarirai ya fito! Kai, ya fito! Gida biyar: tana turawa a kan tudu, ruwan sama, tsohuwa ta tare hanya, hannu ya kama bargo, sai babban gida a ƙasa, ƙwai da taliya da fuskar tsohuwar. Sau goma sha huɗu na sake fuskar kafin ta ba ni dariya. Ba na son mamaki kawai, ina son ladabin Turawa yana kokawa da mamakin.

Na ɗauki awa biyu a kan atamfar goyo kaɗai. Na je na roƙi Mma ƙyallen tsohuwar atamfa mai zanen tsuntsu, ta ce irinta ta goya Zarah da ita. Na yi scanning ɗin ƙyallen na shimfiɗa shi a cikin zanen, sai ga goyo kamar ka taɓa. Wannan ne daɗin haɗa hannu da na'ura. Takarda tana ba ni rawar layi, tablet yana ba ni launin da ba ya zuba.

Zailani ya leƙo ya ce layukana miƙaƙƙu ne tsaf, me nake ta gogewa? Na ce shi da ba mai zane ba me ya sani.

Gajiya ce. Na daɗe ban zauna awa takwas a kan takarda ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 3:30 na yamma

Na je canjin gilashi. Tun ina aji uku nake sa mai kauri, canji ba baƙon abu ba ne. Yarinyar da ke gwajin ido ta sa na rufe idon hagu, ta nuna min wata takarda mai layi-layi kamar ta littafin lissafi, ta ce in gaya mata abin da na gani. Na gaya mata. Ta daina murmushi. Ta fita ta yi waya, ta dawo da wasiƙar asibiti a ambulan.

Ba ta canja gilashin ba.

Na biya ta kasuwa na sayi kuɓewa. Shafi na biyar ya kusa.

Litinin, 21 ga Oktoba, 6:00 na yamma

Na ce wa Zailani Stratford zan je wajen Zarah. Asibitin ido na je. Can ɗin an ɗiga min abu a ido, an sa na jira, an haska, an sake sa ni jira. Likitan yana da taushin murya, ya zana min wani abu a bayan takarda. Bai iya zane ba ko kaɗan, saura kaɗan in karɓi biron in gyara masa.

Na dawo a jirgin Elizabeth line ina runtse ido, fitilu duk sun yi gashi. Yau ba aiki.

Idon hagu kuwa tun asali malalaci ne, tun ina yarinya. Ban taɓa damuwa da shi ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, 1:15 na rana

Yau da gaske na je Stratford. Na kai wa Zarah shafi tara, ina ta rawar jiki. Ta ga na safa ta yi murmushi. Ta ga na jirgi ta ce "lovely". Da ta zo shafi na bakwai, inda Mma take durƙushe da burushi a banɗakin wani ofis, sai ta ajiye tablet ɗin a kan tebur a hankali.

"Aunty, no. Not this one. And not the pram."

Na ce, "Ita ta ce a zana."

Ta ce abokan aikinta za su zo walimar, da surukanta, da mutanen masallaci. Ta ce ba ta ba da aiki don a nuna uwarta tana wanke masai ba. Ta ce a makaranta har waƙa yara suka yi mata a kan keken nan. Wannan ban sani ba.

Na ce to a kira mai tarihin. Ta sa wayar a speaker.

Mma ta saurara har ƙarshe, ana jin hayaniyar kasuwa a bayanta. Sannan ta ce, "Zarah, kujera da kake zaune a kai yanzu, wa ya wanke shi da asuba? Wani uwa ne. Idan ka cire banɗaki, ka cire keke, ka cire ni. Ka zana wani mata mai leshi ka yi mishi walima." Ta kashe.

Zarah ta ɗauki tablet ta sake duba shafin, ta faɗaɗa hannun uwar da yatsu biyu. Na zana tsagewar fata a gaɓoɓin. Can ta ce da Hausa, karo na farko da na ji ta, "Haka hannunta yake." Ba ta ce a bari ba, ba ta ce a cire ba. Na tattara na fito kafin ta yanke shawara.

A jirgi na ji kamar in tashi in yi rawa. Zanena ya sa lauya ta yi Hausa!

Asabar, 26 ga Oktoba, 9:00 na safe

Saƙo daga Zarah: "Keep them." Alhamdulillah!

Lahadi, 27 ga Oktoba, 4:40 na yamma

An mayar da agogo baya, duhu tun kafin a sha shayin yamma. Idan na kalli fuska a takarda, kunnuwa suna nan, ɗankwali yana nan, hanci ne ba ya nan. In na kawar da ido gefe sai ya dawo.

Na tuna Inna, yadda take zama a tsakar gida da rana tsaka tana tambaya, "Wa ya shigo?" Ba zan rubuta wannan ba.

Gajiya ce.

Talata, 29 ga Oktoba, 12:30 na rana

Shafi na sha ɗaya ya tafi. Kwana biyu na yi a kansa: ranar da ta buɗe rumfa, atamfofi jere har sama, kowace da zanenta. Na rufe na dama don in ga layin da kyau, na kai alƙalami zan tsoma a kwalba, sai na soki gefenta. Ta kife. Na zauna ina kallon baƙin yana cin rumfar Mma atamfa bayan atamfa, ban ko ɗaga takardar ba.

Na goge tebur, na wanke hannu, na cusa shafin a ƙasan kwandon shara don kada Zailani ya gani.

Allah ya sa na ɗauki hoton fensir ɗin tun shekaranjiya. Zan sake shi a tablet. A can ina iya faɗaɗa hanci ya kai girman faranti, kuma babu kwalbar da za ta kife. Na gwada yanzu, ya yi! Layin bai kai na takarda rai ba, amma ya yi. Saura sha uku.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 3:00 na yamma

Na je rumfa don in fara fuskarta ta shafin ƙarshe. Ta ɗaura ɗankwali mai ruwan zuma, ta zauna ta gyara wuya. Na yi minti ashirin ina fama. Na yage takarda uku.

Ta ce, "Shafa, me ya sa kake kallona a karkace kamar kaza?"

Na ce haske ne.

Ta zaro wani yadi daga ƙasa ta shimfiɗa. "Rufe wancan ido. Tsuntsu nawa ne a tsakiya?"

Na ce, "Mma, ni fa aiki na zo yi."

"Nawa ne?"

Na ce uku. Ta ninke yadin. Daga baya na duba da ɗayan, ganye ne, babu tsuntsu ko ɗaya.

Ta sallami wata mai ciniki, ta ja labulen roba, ta zuba min shayi daga fulas. Ban yi niyya ba, amma na faɗa mata duka, har abin da likita ya zana a bayan takarda. Ita ce mutum ta farko. Da na gama ta ce, "Mijinka ya sani?"

Na ce in ya sani zai kwashe alƙaluman ya kulle, ya ce in kwanta. Na san shi. Kuma wannan ne littafina na farko, watakila kuma...

Ta ce, "Kar ka ƙarasa." Ta riƙe wuyan hannuna, tafinta kamar bawon itace. "Abdul-Majeed ya ɓoye min ciwo shi wata takwas, wai kar hankalina ya tashi. Har yau ban gama yafe mishi ba, kuma shekara shi sha biyu a ƙasa. Littafi nawa ne, na ce ya jira. Miji ba ya jira. Kafin Lahadi ka faɗa mishi, ko ni in zo da kaina, kuma ka san bakina."

Na san bakinta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 10:20 na safe

Wasiƙa ta zo. Wani ya yi cancel, sun matso min da ranar aikin ido: Talata, 12 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe. Bayan nan kwana biyar ba ɗaga kai.

Saura kwana goma sha ɗaya, saura shafi goma sha biyu. Na yi shafi na sha uku yau tun da sassafe, kuma ya yi kyau, wallahi ya yi kyau.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 5:10 na yamma

Bakina ya kasa, sai na sa wasiƙun biyu a cikin littattafan ɗalibai da Zailani yake makin su a teburin cin abinci. Na koma kicin ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Na ji jan biro ya daina motsi. Sannan ya ce, "Shafa'atu." Cikakken sunan, rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar da aka haifi Ameer.

Na fito da soso a hannu.

"Tun yaushe?"

"Mako uku, Abban Ameer."

"Ranar da kika ce Stratford?"

Na ce e.

"Ke kaɗai kika hau jirgi aka ɗiga miki abu a ido kika dawo ke kaɗai, ni ina nan ina tambayarki ko akwai sauran miya."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, abin da na iya gani na fuskar. Ya tashi ya shiga ɗakin aiki. Na bi shi da gudu na tare tebur, na ce wallahi in ya taɓa min alƙalami ɗaya sai dai ya kai ni asibitin a ɗaure. Ya tsaya yana kallon bangon, shafukan da aka gama da waɗanda ba a gama ba. Ya daɗe a kan na safa.

Ya ce, "Likita ya ce zane yana ƙara shi?"

Na ce na tambaya, ya ce a'a.

"Kin tabbata kin tambaya?"

"Sau biyu."

Sai ya ɗauki rular ƙarfe ya auna ta da ido. "Gida nawa ya rage a ja?"

Na ce arba'in da bakwai.

Ya ja kujera ya zauna. Bai yi min magana ba har magariba, amma ya ja gida goma sha tara, kowane kamar da inji. Har yanzu fushi yake. Ni kuwa jikina sakayau, kamar na sauke buhu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, 7:50 na safe

Gidan nan ya zama masana'anta! Shi layi da scanning da zuba launin bango, ni mutane. Jiya ya zuba wa sararin sama kore, ya ce ai bai ga laifinsa ba. Na koma burushi mai kauri, na bar siririn alƙalami, na daina bin kowane gashin gira. Abin mamaki, shafukan nan sun fi na farko motsi. Na jana'izar Abdul-Majeed baƙi da fari kawai na yi, gida ɗaya, mata a bakin ƙofa. Zailani ya gani ya fita baranda.

Mun gaya wa Ameer. Ya ce zai zo, na ce ya zauna ya yi karatunsa. Zarah ta ce a ɗaga littafin zuwa bayan walima. Na ce ko kusa.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 6:30 na yamma

Ashirin da uku! Na rubuta da manyan baƙi: ASHIRIN DA UKU.

Saura fuskar. Na gwada daga hoto sau tara, duk wata mata ce daban take fitowa, mai kama da ita amma ba ta taɓa tura keke ba.

Na haɗa jaka. An ce kada in ci komai da safe. Zailani yana ta goge gilashina, ban san amfanin me zai yi min gobe ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 11:00 na safe

An yi. Kai a ƙasa minti hamsin cikin kowace awa, goshi a kan matashi a bakin tebur. Na san kafet ɗin nan yanzu fiye da wanda ya saƙa shi. Rubutun ya karkace, da na hagu nake yi.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, 2:00 na rana

Wuyana. Wuyana. Zailani ya ce a sa hoto a shafin ƙarshe kawai, kowa zai fahimta. Na yi kuka, hawayen ya sauka kai tsaye a kan silifa.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 5:20 na yamma

Bari in rubuta wannan tun da zafinsa.

Wajen sha ɗaya aka buga ƙofa. Na ga ƙafafu sun shigo: takalmin Zarah mai tsini, da wasu baƙaƙen takalma masu faɗi da safa biyu-biyu. Mma ta rufe rumfa ranar Asabar, ranar da ta fi ciniki. An dire kula a kusa da ƙafata, ƙamshin shito ya cika falo.

Ta ce, "Mai zane, an ce saura fuskana."

Na ce, "Mma, ki yi haƙuri. Ba ni da ikon ɗaga kai in kalle ki. Minti goman da ake ba ni ba ya isa komai, kafin idon ya daidaita ya ƙare."

"Ƙasa kawai kake kallo?"

"Ƙasa kawai."

"To."

Sai na ji Zarah tana cewa, "Mum, what are you doing? Mum, your knees!" Na ji nishi, na ji "Bismillahi", na ji ƙashi ya yi ƙara. Sai ga ɗankwali mai ruwan zuma ya shigo ƙarƙashin teburin, sai goshi, sai fuskar gaba ɗaya. Matar da za ta cika saba'in ta kwanta rigingine a kan kafet ɗina, kanta a daidai ƙafafuna, tana kallona daga ƙasa.

Ta ce, "Ga ni. Yi sauri, kafet ɗinka yana warin yaji."

Dariya ta kama ni, ga tsoron kada in girgiza idon, ina ta cewa a daina ba ni dariya. Zailani ya kawo katako ya ɗora min a cinya, ya liƙa takarda, ya riƙe kwalbar tawada a hannunsa, in na miƙa burushi shi yake kawo bakin kwalbar. Zarah ta durƙusa ta cusa wa uwar matashi, ta riƙe fitilar tebur.

Kwanciyar ta sa fatar ta koma baya, kumatun sun faɗa, idanun sun fito manya. Ga tabon ƙuna a ƙasan haɓa da ban taɓa gani ba, daga sama ba a ganinsa. Na tambaya, ta ce tukunyar wake ce, shekarar da aka yi babbar iska. Na sa shi. Ban yi fensir ba, kai tsaye da burushi, da malalacin idon da ban taɓa ba wa aiki ba. Minti arba'in. Tana ta ba da labarin wani mai gadi da ya ci abincinta shekara uku yana kiranta Margaret, ina ta cewa Mma ki rufe baki ina kan leɓe.

Da na gama, Zailani ya juya mata takardar tana kwance. Sannan ta ce, "Wannan uwana ne." Ta sake dubawa. "A'a. Ni ne."

Mutum biyu suka ɗaga ta, da kyar. Ta zauna a kujera tana haki, ta ce a zuba abinci.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, 10:30 na safe

Jiya aka yi walima. Hosea ya kawo littattafan da kansa, suna ƙamshin sabuwar tawada. Na je da baƙin gilashi, Zailani yana riƙe da gwiwar hannuna kamar zan gudu. An raba littafi kafin abinci, kuskure ne, don shinkafa ta huce ba wanda ya kula. Zaure guda ya yi tsit, sai ƙarar buɗe shafi, sai can wani tebur ya fashe da dariya, na san sun kai wajen ƙwai.

Zarah ta tashi yin jawabi, ta buɗe shafi na bakwai ta ɗaga shi sama a gaban surukanta da abokan aikinta, ta ce, "This is my mother." Sauran jawabin bai fito ba.

Tsofaffi uku sun karɓi lambata. Ɗaya ya ce shi nasa tarihin sai shafi ɗari.

Talata, 26 ga Nuwamba, 1:40 na rana

Mun koma, mu biyu. Aka haska, aka sa muka jira. Likita ya juyo da kwamfuta wajenmu ya ce ramin da ya buɗe a bayan idon ya rufe. Na ce ya maimaita. Ya ce ya rufe. Ba duka ganin zai dawo ba, nawa ne zai dawo sai an yi watanni. Zailani ya yi masa tambaya goma sha ɗaya, a rubuce ya zo da su.

Da muka fito ana yayyafi. Ya ce mu ɗan zauna tukuna kafin mu tafi tasha. Muka sayi chips a wani shago, muka zauna a rumfar jiran bas muna ci da hannu, bas uku suka wuce ba mu hau ba.